Noman Oregano a Tukunya a Birnin Doha

Doha shi ne babban birnin Katar, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ta miƙe cikin Tekun Fasha. Ruwa ya kewaye ta gabas da yamma da arewa, ta kudu ne kawai ta yi iyaka da Saudiyya. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 12,000 ba, wato Jihar Kano ma ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Babu kogi ko ɗaya a cikinta, babu tafki. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika kai milimita 100 ba, alhali kuwa a Kano, inda manoma ke kukan ƙarancin ruwa, akan sami fiye da milimita 700 a damina ɗaya. Mazauna ƙasar sun kai kimanin miliyan 3, kuma mafi yawansu baƙi ne da neman abinci ya kawo su daga Indiya da Nepal da Bangaladash da Filifin da Masar da Sudan da ƙasashen Sham da kuma Afirka ta Gabas da ta Yamma, har da Hausawa. Irin waɗannan mutane su ne Bahaushe ke kira 'yan ci-rani, ko da yake ranin wasunsu ya kai shekara ashirin bai ƙare ba.

Akasarin baƙin nan a gidajen haya suke, cikin dogayen benaye, inda mutum ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da zai ce nasa ne. Abin da yake da shi bai wuce baranda ba, ko bakin taga, ko wani lungu a kan rufi. Leburori da yawa ma ko wannan ba su da shi, domin su huɗu ko fiye suke kwana ɗaki ɗaya. Duk da haka, wanda ya ɗaga kai a unguwanni irin su Najma ko Mansura ko Al Sadd zai hangi tukwane jere a barandu, ɗauke da na'a-na'a da barkono da tumatir da wasu ganyaye masu ƙamshi. Ɗaya daga cikin ganyayen nan shi ne oregano.

Ganye ɗaya, sunaye da yawa

Oregano ɗan ƙaramin tsiro ne mai ƙananan ganyaye, tsayinsa bai cika wuce rabin mita ba, kuma yana yin shekaru bai mutu ba idan ya sami kulawa. Masana tsirrai suna kiransa Origanum vulgare. Dangi ɗaya suke da na'a-na'a da ɗoɗɗoya, kuma ana gane 'yan wannan dangi da abu biyu: karansu mai kusurwa huɗu ne, ganyensu kuma bibbiyu yake fitowa, ɗaya na fuskantar ɗaya. Asalinsa daga tuddan da ke kewaye da Bahar Rum ne da yammacin Asiya. Sunan daga Girkanci ya fito, kuma an saba fassara shi da “ƙawar dutse” ko “farin cikin dutse”. Wannan suna ya faɗi rabin abin da mai shuka ke bukatar sani: tsiro ne na kan dutse, wanda ya saba da rana da ƙasa marar ƙarfi, ba ya kuma son ruwa ya kwanta a gindinsa.

Hausa ba ta da suna nata ga wannan ganye, domin ba a san shi a girkin gargajiya ba. Abin da ya fi kusa da shi a kasuwannin Kano ko Zariya shi ne tayim, wanda mata ke saya tare da kori don dafa shinkafa da nama. Ƙamshin su biyun ya yi kama, dalili kuwa shi ne sinadaran da ke cikin man ganyensu, wato carvacrol da thymol, duka biyun suna da su, sai dai yawansu ya bambanta.

A Doha kuwa, idan mutum ya ce yana neman oregano, sai an tambaye shi wanne. Ga mutumin Lebanon ko Falasɗinu ko Siriya ko Jodan, abin da ya sani shi ne za'atar, wato Origanum syriacum, mai ganye fari-fari da ɗan gashi. Kalmar za'atar tana nufin tsiron, tana kuma nufin garin da ake haɗawa da busasshen ganyensa da riɗi da gishiri da wani jan gari mai tsami da ake kira summaƙ. Ana kwaɓa garin da man zaitun a shafa wa gurasa a gasa, a samu abin da ake kira man'usha, abincin safe da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da sunan Lebanon a shekarar 2023. Buhunan wannan gari suna nan jibge a rumfunan kayan ƙamshi na Souq Waqif, tsohuwar kasuwar Doha. Ga mutumin Filifin kuma, oregano wani tsiro ne dabam, mai ganye fato-fato da kauri, cike da ruwa, wanda masana ke kira Coleus amboinicus. Mutanen Kerala da ke kudancin Indiya, waɗanda suke da yawa ƙwarai a Katar, suna kiransa panikoorka, suna dafa shi ga yara masu tari. Ɗan uwan oregano ne na nesa, amma ƙamshinsu ya zo ɗaya, kuma ya fi na ainihin jure zafi da inuwa. Za a sake komawa kansa a gaba.

Don me za a wahala?

Mai karatu na iya tambaya: ƙasar da take cikin mafi arziki a duniya saboda iskar gas, inda kantuna ke cike da kayan abinci daga kowace nahiya, mene ne amfanin wahalar rainon ganye a tukunya?

Ranar 5 ga Yuni, 2017, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe Abu Samra, ƙofa ɗaya tilo da ƙasar ke da ita ta tudu. A lokacin, kimanin kashi 90 cikin ɗari na abincin Katar daga waje yake zuwa, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari ta wannan ƙofa yake shigowa. A ranar farko mutane suka yi dafifi a kantuna, wasu kantocin suka zama wayam. Turkiyya da Iran suka aiko da abinci ta sama da ta ruwa, kamfanin Baladna kuma ya yi jigilar dubban shanu a jiragen sama, har cikin shekara biyu ƙasar ta wadatu da madara. An sasanta rikicin a garin Al-Ula cikin Janairun 2021, amma tun daga wancan lokaci maganar noma a cikin gida ta sami gindin zama. Baje kolin lambuna na duniya da aka yi a dandalin Al Bidda daga Oktoban 2023 zuwa Maris na 2024 yana cikin alamun haka. Gaskiya ne tukunyar oregano ba za ta ciyar da kowa ba, kuma duk wanda ya ce noman baranda zai wadatar da birni kamar Doha ya faɗi son ransa ne kawai. Abin da take iyawa ƙarami ne: ta raba gida ɗaya da sayen ɗanyen ganye da aka ɗauko a jirgin sama, aka naɗe a leda, wanda kuma rabinsa kan ruɓe kafin a yi amfani da shi.

Dalili na biyu shi ne algus. A shekarar 2015 Farfesa Chris Elliott na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya binciki samfuri 78 na busasshen oregano da ake sayarwa, ya tarar 19 daga ciki an gauraya su da wasu ganyaye, musamman na zaitun. A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon nata binciken a kan kayan ƙamshi, inda oregano ya zo kan gaba: kashi 48 cikin ɗari na samfuran da aka gwada an yi zargin akwai algus a cikinsu. Busasshen ganye da aka marmashe duk kamarsa ɗaya a ido. Wanda ya tsinko daga tukunyarsa ne kawai ya san abin da ya zuba a miya.

Akwai kuma batun na daji. A tuddan Sham mutane sun gaji tsinkar za'atar kaka da kakanni, amma da ciniki ya shiga, sai wasu suka riƙa tumɓuke shi har saiwa. A shekarar 1977 hukumomin Isra'ila suka sanya shi cikin tsirran da doka ta kare, suka haramta tsinkarsa bisa hujjar cewa yana neman ƙarewa. Falasɗinawa da yawa sun ɗauki dokar a matsayin wata hanya ta raba su da ƙasarsu da abincinsu. Ko ma yaya aka kalli dokar, abin da ya biyo baya shi ne za'atar ya koma amfanin gona, ana shuka shi a lambuna da tukwane daga Jodan har zuwa barandun Doha.

Shekarar mai lambu

Bahaushe ya raba shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara, yana kuma kiran duk watannin da ba ruwa da sunan rani. Waɗannan kalmomi ba su zauna daidai a kan Doha ba. Ɗan ruwan da ake samu can a lokacin sanyi yake sauka, tsakanin Nuwamba da Afrilu. Watannin Yuli da Agusta kuwa, da suke tsakiyar damina a ƙasar Hausa, su ne tsakiyar bala'in zafi a Katar: da rana ya haura digiri 40, da dare kuma da wuya ya sauko ƙasa da 30. A watan Yulin 2010 an auna digiri 50.4 a Doha.

Abin sha'awa shi ne, duk da wannan bambanci, lokacin aikin mai lambu a wuraren biyu ɗaya ne. Manomin rani a Kadawa, wanda ke shan ruwan madatsar Tiga, yana dasa tumatir da albasa daga Oktoba zuwa Disamba, domin sanyin hunturu ne ke sa su yi kyau. Mai tukunya a Doha shi ma a watan Oktoba ko Nuwamba yake farawa, da zarar zafi ya karye. Daga nan har zuwa Afrilu yanayin Doha ya yi kama da na ƙasar asalin oregano, tsiron ya yi ta tofo yana yaɗo. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa ba maganar girma ake yi ba, maganar tsira da rai ake yi.

A nan ya kamata a bambanta kalmomi biyu. Ana shuka iri, amma ana dasa abin da ya riga ya tsiro, shi ya sa ake kiran ƙananan tsirran da ake ɗaukowa daga wani wuri dashe. Ana iya samun oregano ta hanyoyin biyu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, kuma yana bukatar haske kafin ya tsiro, saboda haka barbaɗa shi ake yi a bisa ƙasa mai danshi, a danna da tafin hannu, ba a binnewa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. Sai dai wanda ya tsiro daga iri ba shi da tabbas: wani ya fito da ƙamshi mai ƙarfi, wani ya fito salam kamar ciyawa. Hanyar da ta fi ita ce a nemi maƙwabcin da ke da mai ƙamshi, a yanko reshe ɗanye mai tsawon santimita 8 zuwa 10, a zage ganyen ƙasa, a tsoma shi a kofin ruwa ko a soka shi a ƙasa mai danshi a inuwa. Bayan mako biyu ko uku zai yi saiwa, kuma duk halin uwarsa zai ɗauko. Idan a wurin masu sayar da dashe za a saya, a murza ganye ɗaya a shinshina tukuna.

Tukunya da ƙasa

Tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30 ta ishi tushe ɗaya, kuma faɗi ya fi zurfi amfani, domin saiwar oregano ba ta nitsewa sosai. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: dole a sami huda a gindinta. Ta yumɓu ta fi ta roba, saboda tana numfashi, tana kuma sanyaya abin da ke cikinta kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Baƙar roba kuwa, idan rana ta buge ta a watan Yuni, dafa saiwa take yi. Tsohon bokiti ko gwangwanin man zaitun suna yi, muddin an huda su an kuma shafa musu farin fenti.

Ƙasar Katar akasarinta dutsen farar ƙasa ne da yashi da gishiri. Wurin da ake samun ƙasar noma shi ne kwaruruwan da Larabawa ke kira rawda, inda ruwan sama ke taruwa ya bar laka, wato kusan abin da Bahaushe zai kira fadama. A can ne gonakin arewacin ƙasar suke, a can kuma ake ganin sidra, itacen da Katar ke alfahari da shi, wanda ba kowa ba ne illa kurna. Mai baranda ba shi da rawda, haɗa ƙasarsa yake yi da kansa. Haɗin da ya dace shi ne kashi ɗaya na yashi mai gautsi da aka wanke, kashi ɗaya na zaren ɓawon kwakwa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Yashin bakin teku ba ya yi, saboda gishiri. Baƙar ƙasar nan da ake sayarwa a buhu, wadda akasari daga dausayin arewacin Turai ake haƙo ta, tana da aibi biyu: tana riƙe ruwa fiye da yadda oregano ke so, sannan dausayin da aka haƙo ta yana ɗaukar dubban shekaru kafin ya taru.

Taki kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa tsiron zai yi ganye shar, gwanin kyau, amma ƙamshin ya ragu. Ɓawon kayan miya da ganyen shayi da dusar gahawa, idan aka tara su a bokiti mai murfi da huji, ana gauraya su da busasshen ganye ko yagaggen kwali, sukan zama taki cikin 'yan watanni, zafin ƙasar ma yana gaggauta ruɓewarsu. Nama da mai da ragowar miya ba sa shiga, domin wari da kyankyasai suke kawowa, maƙwabci kuma ba zai yi shiru ba.

Akwai dabara ɗaya ta Kano da ba ta da amfani a Doha. Tun da daɗewa manoman karkarar Kano ke kora jakuna cikin birni su ɗebo shara da toka da kashin dabbobi su kai gona, kuma wannan ne ya sa gonakin da ke kewaye da birnin suka daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba hutu, kamar yadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna a binciken da ya fara tun shekarun 1960. Toka tana gyara ƙasar da ke da tsami. Amma a tukunyar da ba ta da tsami, wadda kuma gishiri ke barazana gare ta, toka ƙarin ciwo ce.

Ruwa

Duk maganar noma mai ɗorewa a Katar a kan ruwa take tsayawa. Kusan duk ruwan da ke fitowa daga famfo a Doha ruwan teku ne da aka cire wa gishiri a manyan masana'antu irin na Ras Abu Fontas da Ras Laffan da Umm Al Houl. Aikin yana cin makamashi mai yawa, wanda daga ƙona iskar gas ake samunsa, ragowar ruwan mai tsananin gishiri kuma a mayar da shi tekun da dama ya fi yawancin tekuna gishiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda gonaki ke sha, ana ɗibarsa ninkin-ba-ninkin abin da ruwan sama ke mayarwa, rijiyoyi kuma suna ta ƙara zartsi. Saboda haka ne hukumar ruwa da lantarki, Kahramaa, ta ƙaddamar da shirin tsimi mai suna Tarsheed a shekarar 2012, doka kuma ta tanadi tara ga mai wanke mota ko farfajiya da tiyo da ruwan sha. Wanda ya san wannan, ya ga ashe zaɓen abin da za a shuka ba ƙaramin al'amari ba ne. Na'a-na'a kullum cikin ƙishirwa take. Oregano kuwa yana cikin ganyayen da suka fi kowane haƙuri.

A haƙiƙa, abin da ya fi kashe oregano a hannun sabon mai lambu shi ne yawan ban-ruwa. Ya ga ganye ya yi laushi da tsakar rana, sai ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali saiwar ce ta fara ruɓewa cikin ƙasa mai zafi da jiƙa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne ɗan yatsa: a soka shi har gaɓa ta biyu, idan an ji danshi a bari sai gobe. A lokacin sanyi sau ɗaya ko biyu a mako kan isa. A lokacin zafi yakan kai kullum, da asuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Akwai kuma abin da baƙo ba ya sani sai ya ƙone hannu: tankunan ruwa a kan rufi suke, saboda haka a watan Yuli ruwan famfo da zafinsa yake fitowa. Sai a tare shi a bokiti ya kwana ya huce.

Amma akwai wata rijiya a kowane gida da ba a cika lura da ita ba, wato na'urar sanyaya ɗaki. Yayin da take sanyaya iska, laimar da ke cikin iskar tana zama ruwa, ta ɗiɗɗiga ta wani ɗan bututu zuwa waje. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da iskar Doha ke cike da laimar teku har gilashin ido ya yi hazo da zarar an fito waje, na'ura ɗaya kan zubar da lita da dama a yini, wato a daidai lokacin da tukunya ta fi bukata. Ruwan ba shi da gishiri, amma ba shi da abincin tsiro ko kaɗan, kuma yana iya ɗauko ƙura da ƙwayoyin cuta daga cikin na'urar. Don haka ba a shansa, ba a fesa shi a ganye, a ƙasa ake zuba shi, a kuma wanke ganyen da ruwa mai tsabta kafin a ci. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, in babu sabulu ko gishiri, shi ma bai kamata ya bi kwata ba. Masu lambu a gaɓar Jakara a Kano sun daɗe suna noma da ruwan da birni ya zubar, sai dai nasu haɗe yake da ƙazanta da dattin masana'antu, kuma a nan hatsarin yake. Mai baranda ya fi su sa'a, domin ya san inda kowane kofi ya fito.

Ko da wane ruwa aka yi amfani, a hankali gishiri kan taru, a ga fari-fari a bakin tukunya, gefen ganye kuma ya ƙone. Maganinsa shi ne sau ɗaya a wata ko wata biyu a kwarara ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya fi kowane dacewa da wannan aiki.

Ƙetare zafi

Littattafan lambu da aka rubuta a Turai suna cewa a ajiye oregano inda rana ta fi ƙarfi. Wannan gaskiya ne a Doha daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da yake son awa shida na rana ko fiye. Daga Mayu kuwa bin wannan shawara kisa ne. Hantsi ya ishe shi, sauran yini a inuwa. Barandar da ke kallon gabas ta fi kowace, mai kallon yamma kuma sai an rataya mata ragar inuwa ko tsohon zane. A ɗaga tukunya daga kan siminti a ɗora ta a kan katako, a nisanta ta daga bango da kuma bayan na'urar sanyaya ɗaki, inda iska mai zafi ke fita. A rufe bisan ƙasar da farar tsakuwa.

Wata dabarar daga ƙasar Hausa ta fito. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa hanyar adana kayan lambu ba tare da lantarki ba: a sa tukunya cikin wata tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, yayin da ruwan ke bushewa ta jikin ta waje sai ta ciki ta yi sanyi. Haka nan za a iya yi wa tukunyar shuka don a kare saiwa. Sai dai dabarar da busasshiyar iska take aiki. Tana da amfani a Mayu da Yuni, lokacin iskar arewa da ake kira shamal, mai ƙura kamar hunturu amma ba sanyi. A Agusta, da laima ta cika iska, amfaninta kan ragu, sai dai inuwar da tukunyar waje ke bayarwa.

Ƙura da zafi suna gayyato wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye, lokacin sanyi kuma darɓa kan sauka a sabon tofo. Tun da ganyen ci za a yi, maganin ƙwari na kanti bai dace ba. Wanke ganye da asuba yakan isa, in ya ƙi a fesa ruwan da aka jiƙa ganyen darbejiya a ciki. Darbejiya kuwa tana nan a titunan Doha kamar yadda take a titunan Katsina da Maraɗi.

Duk da wannan ɗawainiya, wani tushen ba zai kai Oktoba ba, musamman da yake a Yuli da Agusta ne baƙi da yawa ke tafiya ganin gida. Mai hankali yakan yanki rassa uku ko huɗu tun a Afrilu, ya raine su a ƙananan tukwane a bakin taga cikin ɗaki, ya bar wa maƙwabci amana in zai yi tafiya. Wanda kuma barandarsa ba ta da sauƙi ko kaɗan, gara ya koma ga panikoorka na mutanen Kerala: ko reshensa aka karya aka soka a ƙasa zai kama, ganye ɗaya kuma ya ishi tukunyar miya.

Girbi

Ana fara tsinka idan tsiron ya kai santimita 12 zuwa 15. Da almakashi ake yanka, dab da saman inda ganye biyu suka fito, domin daga nan rassa biyu za su tofo, tushen ya ƙara cika. Ba a ɗibar fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Ƙamshi ya fi ƙarfi gab da fitar fure, saboda haka babban girbi a Doha yakan faɗo a Maris ko Afrilu, wanda kuma ya zo daidai da rage wa tsiron kaya kafin zafi. Bayan shekara biyu ko uku gindin kan zama itace, ganye ya ragu. Sai a zazzage tukunyar a watan Nuwamba, a raba tushen gida biyu ko uku, a sabunta ƙasa.

Oregano yana cikin ganyaye ƙalilan da busasshensu ya fi ɗanyensu ƙarfi. A inuwa ake shanya shi, ba kamar kuɓewa ko barkono da ake bazawa a rana ba, domin rana tana kore man da ke ɗauke da ƙamshin. A ɗaure rassa ƙanana-ƙanana a rataye a ɗaki mai iska. A ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Idan ganye ya karye ƙaras a hannu, a zage shi a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, kada a marmashe sai za a zuba a girki. Yana shiga miyar tumatir da gasasshen kifi da naman rago, duk inda tayim ke shiga. Game da magani kuwa, an tabbatar a ɗakin gwaji cewa carvacrol yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma tsakanin ɗakin gwaji da jikin ɗan Adam akwai tafiya, kuma yawancin abin da masu sayar da man oregano ke faɗa ya wuce abin da bincike ya nuna.

Tambayoyi

1. Waɗanne tsirrai ne ake kira oregano a Doha, kuma su wane ne ke amfani da kowanne?
2. A bayyana bambancin da ke tsakanin “shuka” da “dasa”, sannan a yi jimla biyu da kowace kalma.
3. Me ya sa toka ke da amfani a gonakin karkarar Kano amma ba ta da shi a tukunyar Doha?
4. Dabarar tukunya cikin tukunya ta fi aiki a Yuni bisa ga Agusta. Don me?
5. A kwatanta watannin shekara a Kano da na Doha, ana amfani da kalmomin damina da kaka da hunturu da bazara.